Atamfar Malam Kallamu da Takardar Buhun Siminti

Coal Camp, Inugu

Ilham,

Kada ki kuskura almakashi ya taɓa abin da ke cikin ƙullin nan sai kin karanta wasiƙata har ƙarshe. Na san halinki, layi biyu kike karantawa ki ce kin gane.

To, yanzu assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki Yahya da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ke tashi in damina ta kankama. Na rubuto ne don ba na son bayanin ɗinki ta waya. Takarda kya ajiye ta kusa da keke ki riƙa dubawa.

Abin da na ba direba ya kawo miki atamfar nan ce da marigayi babanku, Malam Kallamu, ya ware ranar sunan 'yarki Mu'minat. Ragowar bandir ce daga rumfarsa ta Anacha. Ya ce a ajiye, ita za ta sa ranar walimar saukar Alƙur'aninta. Allah bai nufa ya ga ranar ba. Tun lokacin tana ƙasan akwatina tare da shuɗin kaftaninsa na Juma'a, wanda na roƙa a bar mini ranar rabon kaya, kuma kin san ba na bari kowa ya taɓa shi. Atamfar iyakar doguwar riga ce, ko ɗankwali ba zai fita ba. In kin ɓata babu wata, mai sayenta ya riga ya tafi.

Takardar yankan rigar tana wurin ƙanwata Hajaratu a Anacha. Ta ara tun shekarun baya, ta yi mirsisi. Na ce ta aiko miki kai tsaye. Takardar ita ce wadda na yanka a jikin buhun siminti lokacin taki walimar. Babanku ne ya roƙo buhun a wurin masu gini, ya kakkaɓe, ya goge da tsumma, ya danne mini kusurwa da gwiwarsa ina zanawa a ƙasan baranda. Yana ta dariya, wai ya tsufa yana sayar da yadi bai san daga takarda riga take farawa ba. Kin ce Mu'minat jikinki ta ɗauko sak, don haka za ta yi mata. Na riga na bar wurin ɗinki a jikin takardar, kada ki ƙara, kada ki rage.

Ga yadda za ki yi. Ki jiƙa atamfar tukuna, ki shanya a inuwa, ki goge, don ta gama tsukewarta kafin ta zama riga. Takardar ma ki goge ta, amma kada dutsen gugar ya yi zafi. Ki ninka atamfar a tsaye, gefe ya hau kan gefe. Ki lura da tsuntsayen da ke jikinta, kawunansu su kalli sama gaba da baya. Kin tuna maƙwabciyarmu Baiwa, da ta fita Idi tsuntsayen bayanta duk suna faɗowa ƙasa? Har ta bar unguwar nan yara ba su daina tsokanarta ba.

Ki kafa takardar da fil, ki zagaye ta da alli ko siririyar ragowar sabulu, ki ɗage ta, sannan ki yanka. Almakashi ba ya haɗuwa da takarda.

Abu mafi girma, ki fara gwadawa a tsohon zanen gado, ki haɗa da allura, Mu'minat ta sa ki gani. 'Yan matan yanzu so kuke ku fara yau ku gama yau, shi ya sa komai naku ba ya jimawa.

Ki gaishe mini da ƙawata mai walima. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
Sa'a

Fatakwal

Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Na kasa kiranki, shi ya sa na rubuto.

Saƙo ya iso, takardar Gwaggo Hajaratu ma ta iso. Da na buɗe atamfar ƙamshin akwatinki ya buge ni, sai da na zauna. Na jiƙa, na goge, tsuntsaye duk suna kallon sama. Na zana da sabulu, na ɗage takardar kamar yadda kika ce. Abu ɗaya na tsallake, gwajin zanen gado. Ba ganganci ba ne, Umma. Na ce a raina takardarki ce, da ita kika yi mini tawa, ba za ta yi ƙarya ba.

Rigar ba ta shiga ba. Ta wuce kai ta tsaya a kafaɗa, da ƙyar muka ciro yarinyar. Na farke gefe na saki iyakar abin da zai saku, duk da haka ba ta iya sauke hannu. Ƙyallayen da suka rage ko aljihu ba za su yi ba. Yahya ya hau okada ya zaga kasuwa da guntun a hannu, kowa ya ce an daɗe da daina buga irin zanen.

Mu'minat ba ta yi kuka ba, wannan ne ya fi damuna. Cewa kawai ta yi, "Mama, ke nan ba zan sa ta Kaka ba?" Walima ƙarshen wata ce. Ki yi mini faɗan, na yarda, amma ki faɗa mini yadda zan yi. Ga rigar da takardar na haɗo, da ɗan kifi banda.

'Yarki,
Ilham

Coal Camp, Inugu

Hajaratu,

Sallama da gaisuwa. Ya kasuwa, ya yara?

Ilham ta yanka atamfar Malam, rigar ta yi wa yarinya kaɗan. Nata faɗan daban, yana nan tafe. Amma na daɗe ina juya abin, don ni na san hannuna. Sai na ciro rigar da Ilham ta sa a tata walimar, na shimfiɗa, na ɗora takardar a kai. Hajaratu, rigar ta leƙo ta kowane gefe. Riga ba ta fin takardar da aka yanka ta da ita. Bakin takardar da na sani a miƙe yanzu duk ya zama gatsa-gatsa kamar ɓera ya ci.

Ki faɗa mini abin da aka yi da ita a gidanki. A rubuce nake so, don a waya dariya za ki yi ki wuce.

Yayarki,
Sa'a

Anacha

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kasuwa sai a hankali.

Kai, Yaya, kin rubuto kamar sammacin kotu. To ga gaskiya. Takardarki ta yi aiki a garin nan fiye da wani tela. 'Ya'yana duk da ita na yi musu. Da matan layinmu suka ga yadda rigar ke zama a jiki ba ta matse yarinya ba, sai aro ya fara. Daga bayan Kasuwar Relief har bakin gada babu gidan Bahaushen da ba ta kwana ba. Har Mama Nkiru mai sayar da manja ta ara ta yi wa 'yarta ta zuwa coci.

Zanen alli kuwa, wa ke da wannan lokacin? Fil muke kafawa mu bi gefen takardar da almakashi. Ɗan abin da ke zubowa ba mu ɗauke shi komai ba, siriri ne kamar ƙaiƙayi. Ni dai na lura rigunan baya-bayan nan sai ƙananan yara suke shiga, na ɗauka 'yan matan yanzu ne suka cika cin abinci.

Da na san ta Malam za ta shafa, wallahi da na yi magana. Shi ne fa ya fara ba ni yadi na saya na sayar da na zo garin nan. Ki yi haƙuri, ki kuma sassauta wa Ilham.

Ƙanwarki,
Hajaratu

Coal Camp, Inugu

Ilham,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Kifi ya iso, an gode.

Takardar ce ta rame a hannun gwaggonki da matan Anacha, kowa ta yanka sai ta ɗan ci gefenta. Wannan bai wanke ki ba. Da kin gwada a zanen gado da kin gani. Ko abin uwarki ne, ki gwada.

Ga rigar na dawo da ita. Za ki ga shuɗin ƙari a gefe biyu, daga hammata har ƙasa, da bakin hannu. Kada ki tambaye ni inda na samo, kin san kaftanin. Na daɗe zaune da almakashi a cinya kafin na iya. Amma shi ya ce ita za ta sa, bai ce in zauna gadin akwati ba. Shuɗin ya hau da tsuntsayen kamar tare aka saye su. Ki ce wa ƙawata kaya biyu na kakanta za ta sa ranar, kuma ta ɗaga hannu yadda take so.

Na samo sabon buhun siminti na fitar da wata takardar daga tsohuwar rigarki. Babu mai danne mini kusurwa, sai turmi na ɗora.

Daga yau takardar gidan nan ba ta sake shiga mota. Wadda ke so, ke ko Hajaratu ko wadda za a haifa gaba, ta zo Coal Camp da ƙafarta da yaranta, ta kwana, ta danne mini kusurwa ta kwafi tata a gabana.

Mahaifiyarki,
Sa'a