Kwanbatar Motar Yaya Uba

Ɗorayi, Kano
10 ga Agusta, 1981

Zuwa ga ƙanena Shu'aibu, Apapa, Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Hajiya mahaifiyarmu na gaishe ka, ta ce ko biro ne ya yi tsada a Ikko.

Dalilin wannan takarda, motata ta kwanta. Bulus makanike na Bompai ya sauke giyar, ya ce kwanbata ce ta mutu, wato ƙwaryar ƙarfen nan mai mai a ciki da ke tsakanin inji da giya. Mun zaga Sabon Gari kaf, babu ita, don ban san wata akori-kura mai canja giya da kanta a Kano ba bayan wannan da na saya hannun Baturen kwangila. Ka kuma san tun da injin masaƙa ya murƙushe mini ƙafar hagu a Sharaɗa ba na iya taka kuloci. In babu motar nan, ni da tuƙi sai kallo.

Babbar sallah ta ƙarato, Alhaji Alhassan dillalin fata kuma ya bar mini kwasar fatun layya daga Gwarzo zuwa kamfanin fata na Challawa. Tunda kai ne cikin kayan mota, ka sayo mini. Amma ba irin ta kamfani nake so ba. Akwai ta kasuwa da ake kira hai-sitol, ɗan wani Kwara, attajirin Balarabe a Bompai, ya sa wa motarsa, in ta tashi har ƙasa sai ta girgiza. Ita nake so.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Uba.

Apapa, Ikko
24 ga Agusta, 1981

Zuwa ga Yaya Uba.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da girmamawa, ku da Hajiya da uwargida Yaya Kulu da yara.

Yaya, na samu iri biyun duka, amma don Allah ku saurare ni. Wadda kuke so ta 'yan tsere ce. Ba ta kama mota sai inji ya yi ƙugi sosai, sannan ta fizge ta. Kafin nan zamewa take yi a cikin mai, man kuma yana ɗaukar zafi. Ɗan Kwaran nan daga shi sai tabarau a motarsa. Ku kuwa ɗanyen ƙirgi kuke lodawa har ya wuce kan direba, kuna tafiya sannu a ramukan hanyar Panshekara. Man giya zai dahu, giyar ta ƙone. Irin ta kamfani ba ta da kwarjini, amma ita aka yi domin kaya. Ku ba ni izini in aiko ta.

Allah Ya ƙara girma.
Ƙanenku, Shu'aibu.

Ɗorayi, Kano
4 ga Satumba, 1981

Shu'aibu,

Bayan gaisuwa. Na ga takardarka, na kuma ga iliminka, sannu Malam.

Ni za ka koya wa mota? Ina jan tirela Kano zuwa Nguru kana yawo ba wando! Don ka yi shekara nawa kana goge baƙin mai a Apapa shi ne ka zama injiniya?

Ba kai kake tsayawa a ƙofar kamfani da safe ba. In aka buɗe, su Idrisu abokan sana'ata da fijo ɗinsu sai su yi fit su shige, tawa tana ja kamar tsohuwa ta tashi daga tabarma. Keken guragu suke ce mata, a gabana, suna dariya. Ran nan wani ya ce ko a tura ni. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. So nake in taka totur sau ɗaya su haɗiye dariyarsu.

Abin da na ce shi za ka sayo. Kada ka ƙara ko kusa ɗaya, kada ka rage, kada kuma ka sake yi mini wa'azi. A gidanmu ƙane ba ya maimaita wa wansa magana.

Wassalam.
Uba.

Apapa, Ikko
15 ga Satumba, 1981

Yaya,

Ina gaishe ku. Ga saƙo nan hannun direban tirelar da zai sauke kaya a Bompai. Abin da kuka ce ne, ban ƙara ba, ban rage ba.

Allah Ya sa a yi sallah lafiya.
Shu'aibu.

Ɗorayi, Kano
14 ga Oktoba, 1981

Shu'aibu,

Sallama ce kawai zan yi maka, don ita wajibi ce.

Bulus ya ɗaura kwanbatar, motar kuma ta yi ƙugin, ba zan ɓoye ba. Mako guda babu wanda ya ce mini uffan a ƙofar kamfani. Washegarin sallah na lodo fatun raguna a Gwarzo, ɗanyu, don sai a Challawa ake zuba musu gishiri. Ban kai Rimin Gado ba na ji ƙauri. Inji na ihu, mota ba ta gaba. Jan mai ya dinga tsiyaya a kwalta yana hayaƙi. Ranar kowa na yawon sallah, motar da za ta tsaya ta kwashe kaya babu. Na zauna a bakin titi rana na dukan fatun mutane, ƙuda ya taru, har gashi ya fara saɓulewa in ka taɓa. Da aka kai su washegari, kamfani ya ce ko kyauta ba ya so. Alhaji Alhassan bai zage ni ba, ya dai ba Idrisu aikin.

Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Bulus ya buɗe giyar, komai ya zama gawayi. Ya ce dama ya tambaye ni ina ƙaramin lagireton da ake haɗa wa irin wannan kwanbata don ya sanyaya mai, na ce ƙanena bai aiko ba, ashe ba a buƙata. Ya ce duk mai sayar da ita ya san tare suke tafiya. Ka sani, Shu'aibu! Ka sani ka yi shiru, ka zauna kana jira in ƙone don a ce ka fi ni gaskiya. Da wani ne a kasuwa ya yi mini haka da na ce ciniki ne. Kai nono ɗaya muka sha.

Uba.

Apapa, Ikko
27 ga Oktoba, 1981

Yaya,

Ina gaishe ku, ina kuma yi muku jaje. Amma yau zan yi magana, ko da za a ce ba ni da kunya.

Na san da lagireton, mai shagon har kan teburi ya ɗora mini shi. Wa ya ce kada in ƙara ko kusa ɗaya? Wa ya ce ƙane ba ya maimaita magana? Da na sa shi a kwalin, cewa za ku yi yaro ya raina ku. Na faɗi gaskiya kun kira ni mai yawo ba wando, alhali 'ya'yana uku. Na yi biyayya, yanzu na zama mugu. To, ta ina ake bi a gamsar da ku? Dariyar su Idrisu kuka ji, maganar ɗan'uwanku kuwa ba ta shiga kunnenku ba. Raina ya ɓaci, har yanzu kuma a ɓace yake.

Duk da haka ban zauna ba. Na samu tsohuwar giya irin taku a wata mota da ta yi haɗari a Ikeja, da kwanbatarta ta kamfani. In kun yarda, ni da kaina zan kawo ta in ɗaura.

Allah Ya huci zuciyarku.
Ƙanenku, Shu'aibu.

Ɗorayi, Kano
9 ga Nuwamba, 1981

Shu'aibu,

Bayan gaisuwa. Bar giyar a inda take. Gida ba ya jiran wasiƙa, yara sai sun ci. Na sayar da motar tun makon jiya, wanda ya saya zai sa mata giyar hannu.

Kamfanin fata sun ɗauke ni gadi. Akwai benci, aikin ba ya son ƙafa.

In ka zo Kano, ka sauka a wajen Hajiya.

Wassalam.
Uba.