Koko Ba Ƙazanta Ba Ne, Mushe

Zuwa ga Mushe, kamar yadda ake kiranka da harshen Nasara, shugaban tashar manyan motoci ta Gaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda kujerarka ta cancanta, ni ce Rabi mai koko, wadda ka sa aka kifar wa da tukunya a bakin tasha. Ban shiga lakkol na yi boko ba, mai rubutu na sa ya rubuta mini, kuma na ce kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Na ɗaya. Tun zamanin Nasara muke zama a gindin itacen bedin nan da koko da ƙosai, ƴan dako su karya kumallo kafin su hau buhu. Nasaran da muka kora bai kore mu ba. Sai da aka ɗaga tutarmu, ɗanmu ya hau kujera, sannan muka zama ƙazanta da bai kamata baƙi masu hayowa daga Dahome su gani ba. Ka ce kada mai abinci ta zauna kafin azahar. To wa ke shan koko da azahar?

Na biyu. An ce ka ce kowa ya ci a gidansa ko ya zo da nasa. Wannan magana sai wanda ya manta garinsu. Mutanen nan daga sallar asuba suke kamo hanya, wasu tun daga Tunuga, ba a ko hura wuta ba. Kuma yaushe ka ga magidanci mai gemu ya ratsa kasuwa da ƙwaryar koko a hannu? Gara masa yunwa da wannan kunya. Yanzu goro da taba ne karinsu. Su yini suna dako ciki wayam, da yamma su afka wa tuwo da mai da gishiri kamar masu ramuwa.

Na uku, shi ne ya ci mini rai. Maigidana ɗan dako ne a tasharka. Ranar kasuwar da ta wuce ya faɗi da buhun gero a ka, ya dafe ƙirji, gumi na zuba, ya kasa ko salati. Da aka kai shi gidan likita, lokotoro ya saurari ƙirjinsa ya ce zuciya ce. Ya ce babba mai aikin ƙarfi da ya saba tsallake karin safe, yana toshe yunwa da goro da taba, zuciyarsa yake ci da kansa. Ni da na yi shekara da shekaru ina ciyar da mazan wasu, nawa ne ya faɗi da yunwa. Wannan baƙin cikin ba zan yafe ba.

Na huɗu. Kai kam ba ka rasa naka. Kullum da hantsi ana shigar maka da burodi shafe da man shanu da kafe mai siga. Muna ganin tumbin yana gaba kana biye, matakala biyu ta biro, ofishin nan naka, sai ka tsaya kana haki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, da kunun tsamiya ta raine ka, ba ta ga ƙazanta a ciki ba.

Abin da nake nema bai kai nauyin alƙalaminka ba. Ka bar mu mu koma gindin bedi daga asuba. Shara ce damuwarka? Mu za mu share. Ka kuma bar ƴan dako su zauna su ci kafin a buɗe motar farko.

Ka hanzarta, domin ranar Litinin maigida zai koma aiki. Na hana, lokotoro ya hana, amma maigida ya ce rumbu ba ya jin maganar lokotoro. In ya sake faɗuwa bai tashi ba, ba zan yi maka kuka ba. Ƴaƴansa zan jero maka a ƙofar biro, ka fito ka gaya musu dalili da bakinka, da Hausa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya, ya nuna maka yunwar safe ko sau ɗaya don ka san ta.

Wassalam.

Rabi mai koko, Gaya.