Takardar da Kunkuru Ya Ajiye

Durumi, Abuja, Janairu 1992

Yaya Magdalene,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ki ce mata lafiyata ƙalau, ci ne dai ya ragu. Ki aiko mini da acca.

Da ofishinmu ya taso daga Legas, fayil arba'in suka ɓace. Oga Albert ya ɗora mini laifin, aka dakatar da ni. Kin tuna Baba Abednego, mai ajiyar fayil a ofishinmu, da muke kira Kunkuru don ba ya sakin takarda sai an sa hannu? Jiya ya kawo mini kwafin takardar da aka sa wa hannu: ashe Oga ne ya karɓi fayil ɗin. Ya ce, "Ɗana, kada ka yi gaggawa."

Ba zan yi ba. Litinin Oga zai rantse gaban kwamitin bincike cewa bai karɓe su ba. Sai ya ajiye Baibul, sannan in miƙa takardar.

Allah ya tsare ku.

Ƙanenki,
David