Aminina Ya Kushe Laburarena a Gaban Kwamiti

Malam, don Allah a taimaka mani da shawara, zuciyata ta ƙi yin sanyi.

Ni ba ɗan kowa ba ne. Sakandare kawai na gama, da tallar magani a Babbar Kasuwa na fara, har na kafa kemis ɗina a Ƙofar Durbi. Da soja suka koma bariki harkoki suka buɗe, sai na sayi kwamfutoci. Duk littafin lafiya da na samu aro, da hannuna na ɗauki hotonsa shafi-shafi na zuba ciki, don ɗaliban jinya su riƙa karantawa kyauta. Shafukan farko kaɗai nake tsallakewa, tunda ba karatu cikinsu, wuri kawai suke ci.

Wata makarantar jinya ta so ta riƙa turo ɗalibanta, ta naɗa kwamitin dubawa. Ciki har da Almu, aminina tun firamare, malami ne a can. Ya zo ya duba, ya ci tuwo a gidana, bai ce mani uffan ba. Ranar zama, a gaban mutane, ya miƙe ya ce laburarena ba abin dogaro ba ne, wai ba sunan marubuci, ba shekarar bugu. Har ya nuna wani awon maganin yara da ya ce an daɗe da sauyawa. Ni da na riƙe mashi iyali yana karatu a Zariya!

Asabar ɗin nan za a ɗaura auren 'yarsa Indo, kuma tun bara ya ce ni zan ba da ita. In je, ko in zauna gida?

Mai Kemis, Katsina

Alhaji, aikinka ba ƙarami ba ne, kuma Almu bai kyauta ba. A zaurenka ya kamata ka fara jin wannan magana. Ka faɗa masa haka, ku biyu kaɗai.

Sai dai shafukan da ka tsallake su ne ke gaya wa ɗalibi wanda ya rubuta littafi da lokacin da aka buga shi. Kai ma ba ka sayar da maganin da aka kankare ranar lalacewarsa. Da Almu ya yi shiru don kunyarka, da abin a jikin jaririn wani zai ƙare.

Ka sake aro littattafan ka mayar da shafukan, ka cire waɗanda suka tsufa. Almu kuwa ya zo ya zauna ku tantance tare, ita ce tararsa.

Asabar ka sa babbar rigarka ka je. Indo ba ta cikin kwamiti. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a auren.