Motar da Ke Zaunar da Babanku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana, babba cikin 'ya'yana maza. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya tsare min kai a wurin aikinka, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarku. Ƙafata da ta dame ni kwanakin baya ta yi sauƙi, har ina zuwa kasuwa da kaina. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci da danna waya. Yayarka ta zo da yaranta sun yi mana kwanaki, sun tafi sun bar gidan shiru, sun kuma bar min zanen fensir a bangon falo wanda babanku ya hana a goge.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Dalili shi ne duk lokacin da ka kira, babanku yana kusa, in kuwa ba ya nan Auta tana nan, kuma ka san bakinta ba ya riƙe magana. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna. Ka yi haƙuri da layukan da suka karkace, hannun da ya koyi biro bayan furfura ba ya sauri, amma abin da ke ciki na daɗe ina juya shi a raina.

Maganar motar da ka saya wa babanku ce, a-kori-kurar nan fara mai shan dizal. Da farko dai Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Tun da ta zo bai sake kwana a hanya ba, bai sake dawowa da baƙin mai har gwiwar hannu ba. Masu gidajen kaji da yake kai wa abinci sun ƙaru, don yanzu in ya ce zai zo da safe, da safen yake zuwa. Sai dai na ji abin da ya faɗa maka a waya ranar nan, cewa motar tana da wani hali da ya ishe shi, in an bar ta a kunne a tsaye sai ta kashe kanta. Na kuma ji ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, za ka kira kamfanin da ya sayar da ita kafin ƙarshen wata su cire abin, tunda takardun da sunanka suke. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ɗana, roƙon da zan yi maka ke nan: kada ka kira su. Ka karanta har ƙarshe kafin ka ce tsohuwarka ta fara ruɗewa.

Ka tuna tsohuwar motarsa, shuɗiyar nan da kuke kira Gwaggo. In ta yi zafi aka kashe ta, ba ta tashi sai an tara majiya ƙarfi sun tura, kai kanka ka sha tura ta da kayan makaranta a jikinka. Saboda haka babanku ya saba, in ya biyo gida da rana ba ya kashe ta. Yakan bar ta a ƙofar gida tana ta ƙugi, gilashin tagar kicin yana karkarwa, hayaƙi yana shigo min har cikin tukunya. Shekara da shekaru da wannan ƙarar nake sanin abin da yake nufi, ba sai ya buɗe baki ba. In na ji mota ta tsaya injin yana aiki, na san wucewa zai yi, sai in cika masa gorar ruwa in miƙa masa a bakin ƙofa. In na ji ta yi shiru, na san ya gama aikin ranar, sai in zuba abinci. Ba mu taɓa zama mun tsara haka ba, haka kawai muka tarar da kanmu. Kuma ka sani, da rana ba ta taɓa yin shiru. Abincin ranar babanku loma biyu ne a tsaye, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, wani lokacin ma ko lomar babu.

Da yana da ƙarfinsa ban damu sosai ba. Amma tun da likita ta ce yana da hawan jini da ciwon suga, ta ba shi ƙwayar da ake sha da rana bayan an ci abinci, na rasa yadda zan yi da shi. In na ba shi maganin sai ya ce zai sha a hanya, ya jefa a aljihu. Ranar wanki in tarar da su sun narke a aljihun riga, sun yi fari kamar alli. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, na haɗa shi da ƙaninsa. Amsarsa ɗaya ce kullum, wai mota tana jiransa a kunne, mai yana ƙonewa. Ban taɓa gaya maka ba, amma akwai ranar da jiri ya ɗebe shi yana sauke buhu, sai da mai gidan kajin ya kwantar da shi a inuwa ya ba shi ruwan sukari. Shi ya hana ni faɗa maka, wai kada a tayar maka da hankali a nesa.

To, da sabuwar mota ta zo, duk da tana tashi da taɓawa ɗaya, hannunsa bai bar abin da ya saba ba. Ranar farko ya biyo gida bayan azahar, ya bar ta a kunne, ya shiga bayi ya watsa ruwa a fuska. Ina cikin cika gora sai na ji ƙofar gida ta yi tsit. Wallahi ban yi wani tunani ba, hannuna ne kawai ya ajiye gorar ya ɗauko faranti. Kafin ya fito na shimfiɗa tabarma, na zuba shinkafa da miya, na ajiye maganin a gefen kofi. Ya fito yana goge fuska ya ga abinci, ya tambaye ni wa ya ce min zama zai yi. Na ce motarsa ce ta gaya min. Sai a lokacin ya lura da shirun, ya fita da gudu ko takalmi babu, yana zaton wani ne ya zare makulli. Ya tarar da makulli a wurinsa, ya murza ta tashi lafiya ƙalau. Ya dawo yana ta faɗa shi kaɗai, amma da ya ga abinci yana tururi kuma na tsaya ina kallonsa, kunya ta hana shi wucewa. Ya zauna ya ci, ya sha magani a gabana. Rabon da in ga haka da rana, tun kuna ƙanana.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Shi ya raɗa mata suna Raguwa, wai ba a taɓa yin mota mai son hutu irinta ba, ko Auta ta fi ta juriya. Ni kuwa murnata ba ta daɗe ba tsoro ya shige ni. Na ce motar da ke mutuwa a ƙofar gida, me zai hana ta mutu a gangaren nan na bayan gada, da kaya a bayanta da babanku a ciki? Na kasa cin abinci. Da na ga abin zai zama min ciwo, sai na sa mayafina na tafi garejin bakanikensa ba tare da ya sani ba. Ka san shi, dogon nan mai karyayyen haƙori da ya yi ta fama da Gwaggo. Ya ba ni benci, ya kashe rediyo, ya yi min bayani a hankali. Ya ce ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. Akwai na'ura a cikinta da ke lura, in mota tana tsaye cak, an sa ta a fakin, ba wanda ya taɓa birki ko totur na wasu mintuna, sai ta yi ƙara kaɗan ta gargaɗi, ta rubuta a allon gaban direba, sannan ta kashe injin. Ya rantse min ba za ta taɓa yin haka tana tafiya ba, ko da a cunkoso ne. Ya ce injin dizal irin na yanzu ba ya son daɗewa a silo, wato yana aiki mota ba ta motsi, don toka tana taruwa a matatar da ke cikin salansa har ta toshe, ga mai da ke tafiya a banza, ga hayaƙi. Na sa ya maimaita min maganar gangaren har sai da ya fara dariya, sannan na dawo gida da sanyin zuciya.

Tun daga lokacin, kusan kullum babanku a zaune yake cin abincin rana. Kumatunsa sun ɗan ciko. Zuwan da muka yi asibiti na ƙarshe, likita ta duba awon ta tambaye shi me ya canza, ya ce mota ya canza, ta ɗauka wasa yake. Bayan ya ci yakan jingina da bango ya ba ni labarin hanya, wane ya faɗaɗa gidan kajinsa, wane kajinsa sun yi mura. Ashe mutumin nan yana da hira, ni ce ban taɓa samun sa a zaune da rana ba. Bangon kicin ma da ka sa aka yi wa fenti har yanzu fari ne.

Shi ya sa da na ji alkawarin da ka yi masa ban yi wata-wata ba. Na koma wurin bakaniken na roƙe shi, in kamfani sun aiko ta wurinsa a cire abin, ya nemi wata dabara ya ja lokaci. Sai ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya dube ni, ya ce ashe ban sani ba. Ya ce tun makon da motar ta zo babanku ya kai masa ita da wannan ƙorafin, shi kuma ya nuna masa wani wuri a allon, ana dannawa da maɓallan sitiyari, in ka danna motar ba za ta mutu ba har sai ka kashe ta da kanka. Ya ce babanku ya gane nan take, ya gwada da hannunsa a gabansa, kuma yana amfani da shi in yana lodi da zafin rana yana son sanyin mota. Ya ce ai Baba ba mutumin da allo zai gagara ba ne. Na yi masa godiya na taho.

Washegari na tsaya a tagar kicin na zuba ido. Ya zo ya tsaya, ya bar ta a kunne, bai danna komai ba. Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya ce in yi sauri da gorar, ana jiransa. Na miƙa masa. Maimakon ya juya, sai ya tambaye ni ko mai gyaran famfo ya zo, alhali da safe a gabansa aka gyara. Ya duba igiyar shanya ya ce ta yi sako-sako. Ya tambayi ina Auta, ga ta kuwa zaune a gabansa. Yana ta jan magana, kunnensa yana waje, har Raguwa ta yi ɗan kukanta ta yi shiru. Sai ya yi tsaki, ya ce kin gani ko, ta sake, wannan mota za ta kashe masa sana'a, sai ya sake gaya maka. Yana faɗa yana cire takalmi.

Ɗana, ka san babanku. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cewa zama na marasa aikin yi ne ba zai iya buɗe baki ya ce ya gaji ba, ko ya ce yana son ya ci abinci kusa da matarsa. Yana bukatar wanda zai ɗora wa laifi, kuma Allah ya kawo masa mota. Ƙorafin da yake yi maka, irin wanda yake yi wa abokansa direbobi ne, don kada a ce ya tsufa. In ka sa aka cire abin nan, ka ƙwace masa hujjarsa, kuma na san shi, zai koma loma biyu a tsaye don kawai kada a ga kasawarsa, ni kuma in koma tsintar magani a aljihu.

Ban ce ka yi masa ƙarya ba. In ya sake tayar da maganar, ka saurare shi, ka taya shi jimami, ka ce masa masu gyara sun ce barin abin ya fi wa injin lafiya, wanda kuwa gaskiya ne. Zai yi faɗa, ka bar shi ya yi, ka ba shi haƙuri. Kada ka nuna masa ka san komai, ko da wasa, kada kuma ka gaya wa yayarka, don ita za ta yi dariya a gabansa. Ni ma ban nuna masa ba, kuma ba zan nuna ba. Kullum in ya yi tsakin ina taya shi, in ce lallai wannan mota ba ta da kirki, sannan in ɗauko faranti.

Ka gaida min 'yata matarka, ka ce na gode da man zafin da ta aiko, ya yi min amfani. Ka shafa min kan Mai-kumatu, ka ce mata kakarta tana ajiye da hotonta a jikin madubi. Ka gaya wa ƙaramin maigidana in bai zo ya gan ni ba zan canza shi da wani. Baffanka yana gaishe ka, da innarka ta bayan layi, da yayarka da mijinta. Auta ta ce a tuna maka alkawarinta, ta ce ka san wanne. Ka riƙa cin abinci a zaune kai ma, don na san jinin wa ke jikinka.

Zan tsaya nan, na ji ƙarar motar ta shawo kwana, kuma miyar tana kan wuta. Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce mahaifiyarka mai yi maka addu'a kullum.