Idon Hagu da Ƙarar Cokula

Zuwa ga jikana, maigidana marowaci,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da aikin da ya ƙwace mini kai. Mu nan sai godiya. Babanka ya ƙara tumbi, gwaggonka kuma ƙafar ta yi sauƙi, bakin ne dai har yanzu.

Ka ga rubutuna kamar sawun agwagwa? Yanar idon nan ce. Na dama ya riga ya rufe, na hagu yana bin sahu. An kwantar da ni za a yi aikin, likita ya ce kada in motsa ko kaɗan. Da na ji ƙarar ƙarafa sai na cafke hannun bawan Allah ina tambayarsa ko ya taɓa yi wa wani. Haka aka sallamo ni ba a taɓa idon ba. Ya ce zuciyata ba za ta ɗauki allurar barci ba, ko dai in iya kwanciya tsit, ko in haƙura da gani.

Wata nas ce ta koya mini dabara. Ta ce in natsu in bi numfashina yana shiga yana fita. In tunani ya zo kada in kore shi, kada in bi shi, in dube shi kawai in dawo kan numfashin. Na ce wannan ai wasan yara ne. Ina! Ranar farko, tun numfashin bai je ko'ina ba na isa kasuwa, na yi faɗa da mai kifi, na yi maka aure har na raba. Ban san kaina yana da cunkoso haka ba.

Yanzu kullum da hantsi nakan kwanta a kan benci, gwaggonka tana kaɗa cokula a saitin kunnena. Tsoron yana zuwa, ba zan ɓoye maka ba. Nakan ji ya taso daga ciki, in ce masa sannu da zuwa, in ci gaba da numfashina. In ya ga ba a shimfiɗa masa tabarma ba, sai ya kama gabansa.

Makon gobe zan koma, kuma ba mai sauko da ni daga gadon nan sai an buɗe idon. Ka gaishe mini da kawunka da matarsa da Auta. Kai kuma ka nemi hutu ka zo. Muryarka a waya ta ishe ni, fuskar nake so.

Kakarka mai taurin kai.