Tsagar da Ke Jikin Sanda

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Amsa ta zo daga ofishin rajistar ƙirƙira kan sandar dogarawarka mai naɗewa. Kawu, ka zauna kafin ka karanta. Sun ƙi babbar da'awarmu, wato sandar gaba ɗaya, wai wani ya riga ka. Ƙananan da'awoyin da na jingina da ita, kowacce da ƙarin sharaɗinta, su ma duk sun faɗi, ban da ta shida: 'yar tsagar nan da ke hana ƙusar da ke kulle sandar zamewa. Idan na mayar da tsagar cikin babbar da'awa, za su amince. Amma doka ta ce sai an rubuta sunan wanda ya ƙirƙiro ta. Kai ne ko?

'Yarka, Lauya

Lauya,

Muna lafiya. Innalillahi! Tun da na karanta takardarki ban kunna injin walda ba. Duk wahalar da na sha, tsaga kawai suka gani? Ba ni na yi ta ba. Auta ne ya ɗauki zarto ya tsaga samfurina ba da izinina ba. A kanta na kore shi daga shago, gaban yara, na ce kada ya sake taka ƙofata. Da kika zo zana sandar ban cire tsagar ba don ba ni da wani bututun ƙarfen da zan musanya. Ki sa sunana kawai, ai ni na haife shi.

Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Wallahi sai da alƙalami ya faɗi daga hannuna. Shi ya sa Auta ya bar gida? Mu aka ce mana aiki ya samu. Ka yi haƙuri, ba zan iya sa sunanka kai kaɗai ba. Duk ranar da aka gano, za a soke rajistar. Na rubuta masa.

'Yarka

Yaya Lauya,

Na gode da gaisuwa. Na karanta, na sake karantawa, na ɗauka tsokanarki ce ta kullum. Wata tsohuwa ce ta gwada sandar a shago, ƙusar ta zame, tsohuwar ta kusa faɗuwa, shi ne na tsaga. Baba bai tsaya ya ji ba.

Zan sa hannu. Amma kada ki aiko da takardar ta gidan waya. Sai dai Baba ya kawo da kansa. Ina bayan tashar mota, shago mai koren ƙyaure.

Ƙaninki, Auta